Hutun Disamba a Maraɗi: ina ɗan lakkwal zai sa kwanakinsa?

Kowace shekara, idan watan Disamba ya kusa ƙarewa, sanyi ya sauka, hazo ya rufe Gulbin Maraɗi, sai a rufe ƙofofin makarantun boko na ƴan kwanaki. Lise Ɗan Baskore ta watse, Lise Ɗan Kasawa ta koyon sana'a ta watse, kwalejojin unguwanni su ma haka. Ran nan tashoshin mota sukan cika da yara masu jaka a kafaɗa, wani za shi Tsibiri, wani Jiratawa, wani Madarumfa ko Gidan Rumji, kowa na ɗokin ganin gida. Hutun ba shi da tsawo, bai cika wuce mako biyu ba. Amma cikin wannan ƴar tazara ne ɗalibai da dama suke gyara shekararsu, cikinta ne kuma waɗansu suke ɓata tasu ba su sani ba, sai ranar da aka kira sunayen waɗanda suka ci jarrabawa.

Maganar ta shafi iyaye kamar yadda ta shafi yaran. Da yawa cikin iyayen yau da girmansu suka koyi baƙi, a ajin yaƙi da jahilci, bayan an taso daga gona ko kasuwa, saboda haka sun san tsadar awa guda ta karatu. Sai dai darasin lise da Faransanci ake yin sa, kuma ya wuce inda uba zai duba littafi ya gane ko an yi aiki ko ba a yi ba. In ya ga yaro riƙe da takarda bai sani ba ko karatu yake. In ya ga ya sa takalmi zai fita bai sani ba ko shiririta za shi. Daga nan wani uban ya tsare ɗansa a ɗaki kamar mai laifi, wani kuma ya sakar masa linzami gaba ɗaya, ya ce ai hutu aka ba su.

Abin da ake gudu kuwa ba ƙarami ba ne. Jarrabawar bak, wadda ita ce ƙofar jami'a, tana da tsauri a ƙasar nan: a 2021 da 2023, cikin kowane ɗalibai 4 da suka zauna mata, wajen 1 ne ya haye. Sauran, wani ya maimaita aji, wani ya koma makarantar kuɗi in uban na da hali, wani kuwa ya bar karatun ke nan, ya kama kabu-kabu ko ya bi wani Alhaji kasuwa. Maraɗi garin fatauci ne tun zamanin gyaɗa, har wani masani Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya yi littafi guda a kan Alhazanta a 1986. A gari irin wannan, yaron da ya faɗi sau ɗaya ba ya rasa mai tambayarsa abin da ya samu a lakkwal, alhali tsaransa ya riga ya buɗe shago.

Kayan da yaro ya ɗauko

Mu ɗauki misalin yaro guda, irin wanda kowa ya sani a unguwarsu. Ba za mu sa masa suna ba. Ko mahaifinsa ba ya kama sunan, don ɗan fari ne. Mutumin Jiratawa ne, yana ajin ƙarshe a lise, sashen D, inda lissafi da kimiyya da ilimin halittu suka fi nauyi a ma'auni. A Maraɗi yana zaune gidan ƙanen ubansa a Bagalam, shi ne mai ɗebo ruwa, shi ne ɗan aike, yana karatu da dare in gida ya yi shiru.

Ranar da za a tashi, mushen lissafi ya ba su takarda biyu cike da ayyuka. Mushen kimiyya ya ba su nasa. Na falsafa ya ce a rubuto masa dogon bayani a kan tambaya guda. Na tarihi ya ce da an dawo zai yi gwaji. Kowane malami ya ba da aiki kamar darasinsa kaɗai ake koyarwa a makarantar, kuma ba wanda ya tambayi ɗan uwansa nawa ya ɗora. Yaro ya tattara duka ya cusa a jaka ya hau mota.

A gida kuma ga abin da ke jiransa. Uban na da fili cikin gonakin ban ruwa na Jiratawa, waɗanda aka gina a farkon shekarun 1980, wajen hekta 500, ana jawo musu ruwa daga rijiyoyin burtsatse da injuna. Disamba tsakiyar noman rani ce: ga zogala ta yanka, ga tumatir da albasa na son ruwa, kuma tun Oktoba uban yake lissafi da hannun ɗansa. Ga abokan fada da suka yi wata uku ba su gan shi ba. Ga bikin ƙanwar wani abokinsa a Tsibiri. Ga lokacin kokowa ya kama, ana ta maganar ƴan wasan da jahar za ta tura neman takobi. Ga ƙwallon Turai a gidan kallo, ga waya a aljihu. Duk waɗannan suna neman kwana goma sha wani abu da aka ba shi.

Abin da yawanci ke faruwa sananne ne. Yaro ya ce bari ya huta kwana biyu tukuna. Kwana biyu su zama biyar, jaka na rataye a ƙusa ba a taɓa ta ba. Yana fada yana shan shayi amma hankalinsa na kan jakar, ga shi bai yi karatu ba, ga shi bai ji daɗin hira ba. Sai ana gobe komawa ya kwana yana kwafe aikin wani, ya shiga aji ranar Litinin idanu jawur. Akwai kuma wani iri, wanda iyaye suka fi yabo: ya rufe kansa a ɗaki tun safe har dare, ba biki ba kokowa, yana bin littafi shafi-shafi. Wannan ya fi na farko, ba shakka. Amma in aka bincike shi, sau da yawa rabin zaman nan ido ne kawai ke bin layi, kai ya daɗe da gajiya, kuma yakan dawo makaranta a gajiye a daidai lokacin da ake shiga watanni mafi wuya.

Yadda karatu ke zubewa

Kafin a yanke hukunci tsakanin littafi da yawo, ya kamata a san yadda mantuwa take aiki, don an daɗe da auna ta. Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya buga sakamakon bincikensa a 1885. Kansa ya gwada: ya riƙa haddace jerin gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, sannan ya dawo musu bayan awa, bayan kwana, bayan wata, ya ga nawa suka rage. Ya tarar yawancin asarar tun a farko take aukuwa. Bayan kwana ɗaya kawai, wajen kashi 2 cikin 3 na wahalar da ya sha ta tafi, daga nan zubewar ta riƙa raguwa sannu a hankali. Ya kuma gano abin da ya fi wannan amfani: jerin da ya maimaita sau 38 cikin kwana 3 ya zauna masa daidai da wanda ya maimaita sau 68 a zama guda. Wato rarraba karatu a kan kwanaki ya rage masa kusan rabin wahala.

Darasin lise ya fi gaɓoɓin banza kama kai, tun da yana da ma'ana, saboda haka ba ya zubewa da saurin nan. Amma hanyar ɗaya ce. A 2006 waɗansu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka ƙara wani abu a kai: ɗaliban da suka rufe takarda suka yi ƙoƙarin tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda, bisa waɗanda suka yi ta sake karantawa, ko da yake masu sake karantawar sun fi jin kamar sun iya. Wannan shi ne tarkon mai rufe kansa a ɗaki. Shafin ya saba da idonsa, sai ya ɗauka ya shiga kansa.

Mu kam nan ba sai Bajamushe ya gaya mana ba. Duk wanda ya zauna makarantar allo ya san ba a wanke allo sai an ba da hadda, malam na saurare, allo na kife. Ya san tilawar asuba, ya san tishi, inda ake komawa baya kullum a bi abin da aka wuce don kada ya gudu. Ya kuma san cewa malaman nan, duk tsananinsu, sun bar wa almajiri Alhamis da Juma'a, ya yi wanki, ya yi wasa, ya nemi na kansa. Mutanen da suka fitar da mahaddata ɗaruruwan shekaru ba su ga hutu a matsayin abokin gaban karatu ba. Abin mamaki ne a ga uban da ya tashi a wannan tsari, ranar da ɗansa ya kawo littafin boko, ya manta da shi duka.

Rabon kwana

To, yaronmu na Jiratawa, in ya yi dabara, yaya zai yi? Ranar farko ta gida ce, ya gaida iyaye da dangi, ya ci tuwon uwarsa, ya yi barci. Amma tun daren nan zai zazzage jakar, ya jera ayyukan, ya ga girman abin da idonsa, don kayan da ba a kwance ba sun fi nauyi a zuci. Sannan ya raba su bisa nauyinsu a jarrabawa. Ɗan sashen D da ya ba tarihi kwana uku ya bar lissafi sai ƙarshe, don tarihi ya fi daɗin karantawa, ya cuci kansa.

Sai maganar lokaci, kuma nan ne wahalar take. Safiya ita ce mafi kyau ga karatu, kai a wartsake, gari shiru. Safiyar nan kuma ita uban yake so, don aikin lambu da sanyin safe ake yin sa. Ruwan gonakin ma bi da bi ake ba da shi, ranar da ya zo kan mutum ba ya jiran kowa. Yaron da ya san ya kamata ba ya jira sai an tashe shi ya yi ta ƙunƙuni. Tun daren farko zai sami uban bayan sallar isha'i, ya durƙusa ya ce: “Baba, ranar da ruwa ya zo kanmu, da ranar yankan zogala, ni ne da gona har a gama. Sauran kwanakin ina roƙon a bar mini daga asuba zuwa hantsi, in na tashi in same ku can.” Uban zai iya cewa: “Kai yaro, ai safiyar ita ce aikin.” Amma da wuya uban da aka zo wa da magana a fili haka, aka ba shi nasa kason tun bai nema ba, ya hana. Abin da iyaye suka ƙi shi ne yaron da ke fakewa da littafi duk lokacin da aka ambaci fartanya, sannan a gan shi a fada da la'asar.

Mu yi lissafi. Awa 3 kowace safiya, kwana 10, awa 30 ke nan, kusan darasin mako guda cur na aji, kuma ba surutu, ba jiran mushen da bai zo ba. Wannan ya ishi aikin da aka bayar, har da komawa kan darussan Oktoba da Nuwamba da suka fara dushewa. Sharaɗin kawai a yi shi yadda almajiri ke yi: a karanta, a kife littafi, a ɗauki alli ko gawayi a sake fitar da abin a bango ko a tablo, a duba inda aka yi kuskure. A Maraɗi ɗalibai sun saba da wannan, za ka ga an shafa wa bangon wani gida baƙin fenti a Mokoyo ko Zariya, yara uku ko huɗu na tsaye suna gardama a kan lissafi. Ƙungiya irin wannan tana da amfani matuƙar ba ta wuce mutum huɗu ba, kuma ba a kawo butar shayi ba.

Daga azahar zuwa dare kuwa, yaro ya riga ya biya bashin ranar. In ya fita, ya fita da zuciya ɗaya.

Fita iri biyu ce

Iyaye sukan haɗa duk wata fita su kira ta yawo, alhali iri biyu ce, kuma wadda suka fi tsoro ita ce mafi sauƙin ɓarna. Akwai fita mai rana, wadda aka san ranar tafiya da ta dawowa: biki a Tsibiri, kallon kokowa, zuwa bakin tafkin Madarumfa da abokai. Irin wannan tana cin yini ɗaya, wani lokaci biyu, da ƴan kuɗin mota, a dawo da labarin da za a yi wata ana ba da shi. Cikin hutun mako biyu, yaro zai iya ware kwana biyu ko uku irin waɗannan tun farko, ya rubuta su cikin tsarinsa kamar yadda ya rubuta lissafi, ba abin da zai ragu. Sanin cewa Laraba za a tafi Tsibiri ma yakan sa a zauna da kyau Litinin da Talata.

Kuma Tsibiri wurin zuwa ne. Tafiyar ba ta kai rabin awa a mota daga Maraɗi ba, amma yara nawa ne suka gama lise ba su taɓa tsayawa ƙofar fadar Sarkin Gobir ba? Garin nan Gobirawa suka kafa shi ƙarƙashin Sarki Mayaƙi bayan yaƙin Gawakuke na 1836, kamar yadda sarautar Katsina ta sami mazauni a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa bayan jihadi. Yaron da ke shiga Lise Ɗan Baskore kullum safe, ya kamata ya san mai sunan Sarkin Katsinan Maraɗi ne da ya yi zamani a tsakiyar ƙarni na 19, ya san me ya sa ake da Iya a fadar Maraɗi, ake da Inna a ta Tsibiri. Tsoho guda a gindin bango zai ba shi wannan cikin awa ɗaya, in ya gaida shi da ladabi. Haka in ya tsaya bakin gulbi aka nuna masa inda tsohon garin Maraɗi yake kafin ambaliyar 1945 ta sa a hau tudu, darasin ƙasa da yake haddacewa da Faransanci zai sami wurin zama a kansa. Ba muna cewa dole kowace fita ta zama darasi ba. Yaron da ya je biki ya ci shinkafa ya yi dariya da tsaransa ya dawo, shi ma ya samu abin da ya je nema, kuma hakkinsa ne.

Kokowa ma haka. Tun 1975, lokacin da Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko a Tawa, wasan nan ya shiga jinin mutanen jahar, filin kokowar birnin ma sunansa yake ɗauke da shi. Gasar takobi tana zagaya jihohi, kuma sau da yawa a cikin sanyin nan take faɗowa, daidai da hutun yara. Wanda ya ce ɗan Maraɗi ya toshe kunne a wannan mako, ya nemi abin da ba zai samu ba. Wasannin da yamma ake fi kallonsu. Mai karatun asuba ba ya rasa kome.

Fita ta biyu ita ce wadda ba ta da rana, ba ta da iyaka, ba a ma kiran ta fita, don ƙofar gida ake yin ta. Fada ce ta dare. A ɗora shayi bayan isha'i, na farko mai ɗaci, na biyu, na uku, a kawo karta, kowa ya sunkuya kan waya yana bin Facebook da WhatsApp da TikTok, kafin a ankara ƙarfe ɗaya ta wuce. Ba laifi ba ne zama da abokai, fada ma tana da alherinta, nan ake taimakon juna ranar suna da ranar rashin lafiya. Amma shayi mai ƙarfi da tsakar dare yana korar barci, wanda bai yi barci ba kuwa ba shi da asuba, kuma a cikin barci ne abin da aka karanta da rana yake daɗa kafuwa a kai. Yini guda a Tsibiri yini guda ya ci. Fadar da ba ta tashi sai ƙarfe ɗaya tana cin safiya goma a jere, uban kuma yana ɗaki hankali kwance, wai ɗansa bai je ko'ina ba. Yaron kirki zai sha na farko da abokansa, in ya so ya jira na biyu, sannan ya yi sallama. Za a yi masa ba'a kwana biyu, a ce ga likita zai tafi, daga nan a saba.

Wadda ba ta da hutu

Duk abin da muka faɗa a kan ɗa namiji muka faɗe shi, don shi ne yake da zaɓi tsakanin littafi da yawo. Ƙanwarsa da ke ajin birebe ba ta da wannan zaɓin. Ranar da aka rufe makaranta uwar takan yi hamdala, ta sami mataimakiya: shara, wanke-wanke, daka, ɗebo ruwa, rainon ƙanne, tsinkar zogala, wani gidan har da talla. Asubar da yayanta ya roƙa aka ba shi, ita lokacin hura wuta ne. In dare ya yi ta ɗauki littafi, barci ya kwashe ta a kan shafin farko. Ga shi ba ta je ko'ina ba, ga shi ba ta yi karatu ba, kuma in sakamako ya fito da rauni sai a ce dama kan mace bai ɗaukar boko, a fara maganar aure.

Nan gyaran a hannun uwa yake, da uban da zai goya mata baya. Awa biyu a yini, sanannu, waɗanda ba mai kiran yarinya ko da tukunya na ƙonewa, sun isa su canja shekararta. Yayan ma ba abin da zai same shi in ya ɗauki jarka ya ɗebo ruwan ran nan, ko ya zauna da ita rabin awa ya duba mata lissafi. Wanda ya koya wa wani abu ya daɗa riƙe shi. Kuma ita ma a bar ta ta je bikin ƙawarta. Yarinyar da aka hana littafi aka hana wasa, aikin gida kaɗai aka bar mata, ba a yi mata adalci ba ta kowace fuska.

Malamai su ma da nasu kason. Da malaman aji guda za su zauna minti goma kafin a tashi, su haɗa abin da kowa zai bayar, su auna shi da awa 30 ɗin nan, da an rage kwafe-kwafen daren ƙarshe. Aiki kaɗan da za a karɓa a gyara a mayar ya fi takarda biyu da mushe da kansa ya san ba zai duba ba. Yara suna gane wannan da wuri, kuma malamin da ya ba da aikin hutu sau ɗaya bai tambaye shi ba, ya koya wa aji duka cewa maganarsa ba ta da nauyi.

Ga hukumomi kuma, akwai abin da ba ya cin kuɗi. Ba kowane yaro ke da ɗaki ko fitila ba. Da dare a Maraɗi ana ganin ɗalibai ƙarƙashin fitilun titi suna kai da komo da littafi a hannu, cikin sanyin Disamba da ƙura. Birnin ya sami tituna da gine-gine lokacin bikin Maraɗi Kwalliya na 2015, ya kuma sami jami'a, wadda ke ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, inda ake koyon aikin gona da kimiyya da likitanci. Yaron Jiratawa yana iya zama injiniyan ruwa bai bar jaharsu ba, in ya haye bak. To me zai hana a bar aji ɗaya a buɗe a kowace kwaleji lokacin hutu, daga safe zuwa azahar, a Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa? Mai gadi na nan, tebura na nan, tablo na nan. Abin da ake bukata izinin darekta ne, da kwalin alli, da iyaye biyu ko uku na ƙungiyar iyayen yara da za su riƙa leƙawa bi da bi.

Saura komawa. Yaronmu zai fi kyauta wa kansa in ya dawo Maraɗi ana jibi buɗewa, ya wanke tufafinsa, ya kai wa matar ƙanen ubansa ƴar tsarabar zogala da tumatir, ya nemi abokan karatunsa su gwada amsoshinsu, abin da ya gagare su duka su rubuta shi gefe don su tambayi mushe ranar farko. Hutun da ke biye, na wajen ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, wani tsari zai nema dabam. Lokacin zafi ya kama, ma'auni na haura 40, ba mai zama ɗaki da hantsi balle ya hau hanyar Tsibiri da rana tsaka. Karatu zai koma asuba da bayan magariba, kwanakin fita su ragu zuwa ɗaya, don tsakanin wannan hutun da ranar shiga ɗakin jarrabawa bai fi wata uku da ƴan kwanaki ba.